Ƴar tsanar da ba a wasa da ita

A shekarar 1979 kamfanin Kenner na Amurka ya ƙera ƴar tsanar roba mai siffar Boba Fett, mayaƙin nan na siliman Star Wars, da ƴar roka mai harbuwa a bayanta. Tsoron kada yaro ya haɗiye rokar ya hana a kai ta kasuwa, samfura kaɗan ne suka tsira. A watan Mayu na 2024 an yi gwanjon ɗaya a dala dubu 525. A Agusta wata ta haura dala miliyon 1,3, wato kusan miliyon 800 na sefa.

Masu sayen irin wannan kaya ba yara ba ne, magidanta ne da suka tashi da kallon wannan silima. Da yawansu ko kwalin ba su buɗewa, domin buɗe shi karya daraja ne. Kamfanoni sun gano lagonsu: su ƙera adadi ƙayyadadde, su karɓi kuɗi watanni kafin kaya su fito, wanda ya makara ya saya da tsada a hannun ƴan sari.

Amma ƙarancin da aka shirya daban yake da wanda ya zo da kansa. A 2023 kamfanin Funko, mai ƙera ƴan tsanar tarawa masu sauƙin kuɗi, ya ba da sanarwar zubar da hajar dala miliyon 30 ko fiye, wadda ta yi masa kwantai.

Mai tarawa don ƙauna ya riga ya ci ribarsa. Mai tarawa don riba kuwa, dukiyarsa tana aljihun wanda zai zo saye gobe, in ya zo.