Takardar da ke bayan ƙofa

Ran wata Asabar bayan la'asar, wani saurayi ya yi sallama a ƙofar gidan tsohon malaminsa a Madawa. Shekara huɗu ke nan yana riƙe da lissafin kuɗi a biron wata ƙungiya mai zaman kanta, daga cikin masu aikin gyaran ƙasa da ginan rijiyoyi tsakanin Madawa da Buza da Kaita. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi mutan gida, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce:

— Mushe, an karɓe makullin akwatin kuɗi daga hannuna, alhali ko dala ban taɓa ba.

— To, me ka yi, ɗana?

— Wasiƙa na rubuta wa yayana.

Ga yadda abin ya kasance. Mahaifiyarsu ce ta kwanta ciwo, kuɗin magani ya fi ƙarfin albashinsa, ya ci bashi wurin wani dillalin albasa. Da nauyi ya yi masa yawa, sai ya zauna gaban kwamfutar biro bayan an tashi daga aiki, ya aika wa yayansa da ke Abijan saƙo ta adireshin da ma'aikatar ta buɗe masa, ya zayyana masa kome. Bayan mako biyu shugaban biro ya kira shi, ya ce masa cikin lumana wai mai bashi a wuya bai dace ya riƙe kuɗin jama'a ba. Da ya tambaya ta ina zancen ya fito, sai aka nuna masa wata takarda manne a bayan ƙofa, layi biyar da Faransanci: na'urori da layin intanet mallakar ma'aikata ne, kuma ana iya duba duk abin da ya bi ta cikinsu. Ƙofar nan kullum a buɗe take wuni, saboda haka takardar bango take kallo.

Malamin ya jima bai ce uffan ba. Hankalinsa ya koma farkon shekarun 1990, lokacin yana ɗan lakwal a wani ƙauye na kwarin Majiya. Da an gama girbi mazan Adar sun bazu ci-rani, wasu Abijan, wasu Kano da Legas, wasu Libiya, wasiƙunsu kuwa direba ko matafiyi ke kawo su. Tsohuwa ta kira yaro ɗaka, ta kori jikoki, ta saki labule, ya karanta mata. Kafin ya kai shekara goma sha biyu ya san wanda ya aiko da kuɗi da wanda ya aiko da haƙuri, ya san wanda ke kurkuku alhali a gari ana cewa aiki ne ya riƙe shi. Ranar da ya fara ba wani abokinsa labari, kakarsa ta ja kunnensa ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matan nan ba su iya karatu ba, amma sun san idon da ke ganin asirinsu, su suka zaɓe shi, kuma in ya ci amana suna iya sake wani. Ɗalibinsa mai takardun shaida, ga Faransanci a baki, bai sami ko wannan gatan ba.

Sa ido a wurin aiki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun da babban shirin raya karkara na Kaita ya fara a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutane suka saba da tsarin biro: direba ya rubuta kilomitan da ya ci a littafin mota, mai gadi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, tarho a sa masa kwaɗo. Sai dai wancan ido a fili yake, mutum na ganinsa ya kintsa. Idon na'ura ba ya ƙyaftawa, ba a kuma ganinsa. Akwatin da ke rarraba intanet a biro yana iya ajiye sunan kowane shafi da aka buɗe, da sa'ar da aka buɗe shi, da na'urar da ta nema. Saƙon da aka aika ta adireshin ma'aikata yana kwance a rumbunta, mai kula da rumbun na iya buɗe shi ko da marubucin ya shafe nasa. Saƙon WhatsApp kuwa, tun 2016 a ƙulle yake tafiya daga waya zuwa waya, mai layin ba ya karanta shi a hanya. Amma wanda ya buɗe shi kan kwamfutar biro ya tashi bai rufe ba, ya bar ɗakinsa ba ƙyaure.

Malamin bai ɗauki shugaban biron azzalumi ba. Mai biyan kuɗin layi yana da hujja: akwai ɓarayin intanet, akwai sunayen talakawan da ake taimako waɗanda bai kamata su fita ba, akwai kuɗin da za a ba da bahasinsu ga masu ba da tallafi. Kayan aro ba ya rufe katara, ma'aikaci ma ya san haka. Abin tambaya shi ne iyaka. Mai gidan haya yana da ikon duba rufi in yana yoyo. Wannan bai ba shi ikon buɗe adakar matar ɗan haya ba.

Alƙalan wasu ƙasashe sun sha wannan muhawara. Ran 2 ga Oktoba 2001, kotun ƙoli ta Faransa, a shari'ar wani injiniya da kamfanin Nikon, ta yanke cewa ma'aikaci na da haƙƙin sirrinsa ko a wurin aiki da lokacin aiki, kuma ubangida ba shi da izinin karanta saƙonsa na kansa, ko da ya hana yin amfani da kwamfutar don bukatar kai. Ran 5 ga Satumba 2017, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba wani ɗan ƙasar Romaniya gaskiya, wanda aka kora a 2007 bayan an karanta hirarsa da ɗan'uwansa da budurwarsa. Kotun ta ce wajibi ne a sanar da ma'aikaci tun kafin a fara, a faɗa masa irin binciken da zurfinsa, a kuma duba ko akwai hanya mafi sauƙi da za ta biya bukata. A Nijar ma ba a bar wurin fayau ba. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a Yulin 2023, ya tanadi kare sirrin wasiƙu da sadarwa. Dokar 3 ga Mayu 2017 kan kare bayanan mutane ta kafa hukuma ta musamman a Yamai, aka kuma sabunta dokar a Disamban 2022. Ginshiƙinta a taƙaice: a sanar da mutum abin da ake tarawa a kansa, a faɗi dalili, kada a wuce dalilin. An ce ana duba layi don tsaron na'urori, sai ga ciwon tsohuwa ya zama hujjar karɓe makulli. Nan aka tsallake iyaka.

Malamin ya shawarci saurayin ya rubuta wa shugabannin ƙungiyar, ya nemi a binciki lissafinsa na shekara huɗu, ya kuma tambaya a rubuce wa ya karanta saƙon, da izinin wa. Da Litinin ta zo, ya kwafe layukan nan biyar a allo, ya ce wa ɗalibansa su mai da su Hausa. Nan gardama ta kaure. Kalmar da Faransanci ke nufin rayuwar mutum ta kansa da ita, wasu suka ce sirri, wasu suka ce asiri, wata yarinya daga Buza ta ce ita a gidansu sutura ake cewa, domin abin da ake rufewa ba lalle laifi ne ba. Wani kuma ya ɗaga hannu ya ce takardar ba ta cika ba: ba ta faɗi wanda zai duba ba, ba ta faɗi kwana nawa za a ajiye abin da aka gani ba, ba ta faɗi inda mutum zai kai kuka ba. Suka ƙara layi uku nasu.

Aikin nan bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ba. Kwamfuta na shiga lakwal da asibiti da ma'aikatun magajin gari, masu gadi da masu shara da direbobi ma na hawa layin biro da wayoyinsu, galibinsu kuwa ba sa karanta Faransanci. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sanarwar da ba a karanta wa mutum da harshensa ba, kunnensa bai ji ta ba.

An binciki lissafin saurayin, ba a tarar da giɓi ba. Makullin dai har yanzu yana aljihun wani. In zai yi magana da yayansa, sai ya fita daga biro, ya tsallaka hanya, ya tsaya ƙarƙashin dogon yaro da wayarsa da kuɗinsa. Takardar kuwa an ciro ta daga bayan ƙofa, an manna ta bisa kwamfutar, da Faransancinta kamar da.