Ɗan Hakin Da Ka Raina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana direbobi magana a kan wani ƙaramin abu na jikin mota wanda kowa ya raina, watau famfon nan da ke fesa wa gilashin gaba ruwa.

Ni direba ne, motata kuwa tsohuwar Land Rover ce, samfuri na uku, irin waɗanda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985. Da ita nake jigilar masara da dawa daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa zuwa kasuwannin Sheme da Ɗandume da Funtuwa. Abin da nake gani a tasha shi ne, in birki ko taya suka sami matsala nan da nan a kira makanike, amma in famfon gilashi ya mutu sai direba ya miƙa wa yaronsa tsumma, shi ke nan an gama gyara.

To jama'a, mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Da damina, in babbar mota ta wuce ka ta watsa maka taɓo, ka yi daƙiƙa 3 ba ka gani, ka yi tafiyar mita 50 ke nan a makance, alhali kuwa hanyoyinmu cike suke da shanu da babura da yara. Da hunturu kuma ƙura ce ke lulluɓe gilashi. Wanda ya kunna waifa a kan busasshen gilashi, kamar ya goge shi da yashi ne, gama ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. Waɗannan ƙananan zane-zane su ne ke tarwatsa hasken fitilar mai zuwa da dare, su ne kuma ke kashe ido in mutum ya nufi Sabuwa da la'asar sakaliya rana tana dukan fuskarsa.

Akwai kuma wani dalili wanda mu mutanen wannan yanki muka fi kowa saninsa. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙasarmu, har aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, direbobi sun koyi cewa ba ko'ina ake tsayawa ba. Wanda ya ɗauko rayukan mutane bai kamata tilas ta sa shi ya taka birki a tsakiyar daji domin shafa tsumma ba.

Gyaran kuwa ba wuya gare shi ba, in an bi shi daki-daki. Abubuwa biyar ne: tankin ruwa, da famfo, da tiyo, da bakin feshi, da waya. Ka danna makunni ka kasa kunne. In ka ji famfo yana kuka amma ruwa bai fito ba, to wuta lafiya take, hanyar ruwa ce ta toshe ko ta yage. Sai ka sami allura ka tsokaci bakin feshin a hankali, ka cire tiyon ka hura shi, kana ka wanke tankin, domin gansakuka da laka suna taruwa a gindinsa. In kuwa ka ji shiru, fara duba fis. Daga nan ka duba wayar da ke komar da wuta jikin mota. A nan ne Land Rover take da halinta, gama yawancin jikinta alminiyam ne, kuma inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe wani farin gari yakan taso ya hana wuta wucewa. Ka kankare wurin har ya yi ƙyalli, ko ka mai da wayar kan ƙarfen shasi. Sau da yawa famfon da aka ce ya mutu da ransa, wuta ce ba ta kai masa ba.

Tankin da motata ta zo da shi ƙarami ne, ba ya kai ni Funtuwa in dawo a ranar ruwa. Saboda haka na sa jarka mai cin lita 4 a madadinsa, na ɗaure ta da ƙarfe nesa da zafin inji. Na sami famfon wata ƙaramar mota wurin masu kayan gwangwan, da yake shi ma da batir mai bolt 12 yake aiki, na dasa shi a gindin jarkar. Wanda zai yi haka ya lura da abu uku. Na ɗaya, famfon ya zauna ƙasa da ruwan, don irin wannan famfo tura ruwa ya iya, bai iya zuƙo shi daga ƙasa ba. Na biyu, a huda ɗan ƙaramin rami a murfin jarka domin iska ta shiga, in ba haka ba ruwa zai fara fita ya tsaya. Na uku, a sa masa fis. Masu naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fis suna kwana da gobara ne a cikin mota.

Sai maganar ruwan kansa. Ruwan rijiya ko na rafi a tace shi da ƙyalle kafin a zuba. Kada a sa garin sabulun wanki, gama yakan daskare ya toshe bakin feshi, ya kuma bar dusa-dusa a gilashi. In ba a sami ruwan gilashi na kanti ba, tsabtataccen ruwa ya isa. In tanki ya ƙafe a daina danna makunni, don famfo yakan ƙone in ya daɗe yana juyawa ba ruwa. Robar waifa kuwa rana tana busar da ita, in ta fara tsagewa a sake ta tun ƙarfen bai kai ga gilashi ba. Duk wannan ɗawainiya kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sabon gilashi ba, balle ran mutum.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshinmu, yadda suke duba lodi kafin mota ta tashi, su riƙa cewa direba ya danna famfon gilashi a gabansu. Ina kuma roƙon ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, su riƙa nuna wa matasan direbobi amfaninsa da lalama kafin a kai ga tara. Ku kuma fasinjoji, in kun ga gilashi ya yi duhu, ku yi magana, gama wuyanku ne a ciki. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, idon direba kuwa gilashinsa ne.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Tsohon Direba, Ƙanƙara.