Tashinmu daga Ƙofar 'Yandaka

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumbar 1987, ma'aikata suka yi ta dawowa daga Kaduna, filayen bayan ganuwa suka yi daraja, gidajen gado na cikin birni kuma suka fara rage mutanensu. Wanda ya ɗan samu sai ya sayi fili a waje, ya aza bulo, ya bar wa 'yan'uwa sashensa. Wannan guguwa ce ta kwashe mu daga Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da Baturen mulkin mallaka Lugga ya bi ya shiga Katsina a 1903, wadda mu yara ba mu san ta da komai ba sai hanyar zuwa kallon dawaki a filin Polo.

Baba ya ɗauka aikin yini ɗaya ne. Kayansa ba su taka kara sun karya ba: akwatin ƙarfe, buzun salla, gafakar Alƙur'ani, rediyo, da hoton Sarki Usman Nagogo da ke rataye a zaure tun kafin rasuwar Sarkin a 1981. Da ya sauke hoton, wurin ya fito fari tas a bangon da hayaƙin fitila ya rine.

Ɗakin Inna ne ya nuna masa bai san gidansa ba. Jerenta ya kama daga kan kanta har kusa da azara, kwalla bisa kwalla, kumbuna, samiru, langa, da wasu tasoshin tagulla da ta gada wajen kakarmu, waɗanda ban taɓa ganin an ci tuwo a cikinsu ba. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce ado ne kawai. Ajiya ce. In larura ta taso, ko auren 'ya ya matso, saiti ɗaya ake saukewa a kira dillaliya, shi ya sa Inna ba ta yarda namiji ya taɓa ko murfi ba. Kwanon kwalla in ya bugu fentinsa ya ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa, kuɗinsa ya faɗi ke nan. Sai ta tara 'yan'uwanta mata, suka baje tabarma, ana naɗe kowane kwano da tsohon zane, ana cusa ƙarami cikin babba, ana cike tsakani da tsumma. Ana yi ana ba da tarihi: wannan na gara ne, wancan na sunan Yaya, waccan fantekar kuma adashi ne ya saye ta.

Gadon ƙarfe mai rumfa sai da aka kira maƙeri ya kwance shi. Turmi da dutsen niƙa suka hau kura. Jeren kuwa sai bayan isha'i aka fitar da shi a a-kori-kura, Inna na gaba kusa da direba tana ta ce masa, "Malam, a hankali don Allah, ramin nan." Tashin dare al'ada ce mai hikima, don mai abu da marar abu duk asirinsu a rufe yake. Yanzu da rana tsaka ake loda kujeru a buɗaɗɗiyar mota, kowa na ƙirga maka.

Abin da ya gagara shi ne na bakin rijiya. Akwai bedin da muke shan inuwa, da lemun tsami, da zogale a jikin danga, da lallen da Inna ta dasa shekarar da aka kawo ta. Zogale bai ba da wahala ba, reshe ake sarewa a kafa a ƙasa mai laima ya kama. Lemun ya girmi a tumɓuke shi. Randa kuma, da yake rabinta a binne take cikin yashi shekara da shekaru, ana ɗaga ta gindinta ya zauna, ruwa ya malale tsakar gida. Inna ta ce, "Ta ƙi bin mu," ta juya ta shiga ɗaki.

Washegari ta zaga maƙwabta gida-gida ana yafe juna, ta raba kaji biyu-uku da tsofaffin ƙore. Ya rage lalle. Wadda za ta gaji sashenmu ita ce matar Baffa, faccalar da suka shekara suna 'yar tsama a kan igiyar shanya. Inna ta tsaya a bakin ƙofarta ta ce, "Amarya, ga lallena nan, amana. Kada a bar awaki su cinye." Ita kuma ta ce, "Yaya, ai ko ba ki faɗa ba."

A sabon gida aka yi sauka, aka raba waina, jere ya koma cikin kabad mai gilashi. Ƙasar wurin tsakuwa ce, babu rijiya sai 'yan garuwa, lallen da aka sake dasawa bai yi ba. Don haka duk jajiberin Salla ni ake aikawa Ƙofar 'Yandaka da ƙwarya. Matar Baffa takan cika ta har ta danna da hannu, sannan ta ce, "Ka gaya wa uwarka ya fi kyau a hannuna."