Akwatin intanet na gidanmu a Zongo

Gidan da nake haya a unguwar Zongo ta Parakou ɗaki tara ne. A 2023 muka haɗa kuɗi muka jawo intanet guda, kowane ƙarshen wata kowa ya kawo nasa. Da yake ni ne malamin makaranta, ni aka ɗora wa riƙon kuɗin da kula da rutar, wato akwatin da ke raba intanet ɗin.

Da rana lafiya lau. Amma da an sallame isha'i sai hanya ta cushe. Wani dare ina shigar da sunayen 'yan ajina 41 masu jarrabawar CEP, saura kwana biyu a rufe, shafi ya tsaya cik. A tsakar gida kuwa samari na kallon ƙwallo a waya. Sai ƙarfe 2 na dare na gama, raina a ɓace.

Washegari na shiga kasuwar Arzèkè na sayo sabuwar rutar mai ƙaho huɗu, a zatona yawan ƙaho shi ne yawan gudu. Alamar wifi ta kai har bakin titi, amma cunkoson dare yana nan.

Bikin suna ne ya kai ni Djougou, garin da na yi makarantar horon malamai. Can ƙanena yake sayar da tikitin wifi. Na kai masa kukana, ya yi dariya ya ce, "Yaya Malam, ai ƙaho nisa yake ƙarawa. Ruwan da ke zuwa famfonku mega 20 ne, ko ka sayi mai ƙaho goma. Bidiyo mai kyau guda yana shan kusan mega 5. Waya huɗu sun gama da ku." Ya ce akwatin da na saya ba ya tambayar kowa, wanda ya fi zari shi ke sha. Abin nema shi ne wanda ya iya sa mutane layi.

Ya nuna mini iri biyu na MikroTik, wani kamfani na ƙasar Latbiya. Ƙaramin, hAP lite, ya fi araha kuma yana da wifi a jikinsa, amma ƙwaƙwalwarsa megabait 32 ce. Ɗayan, hEX, nasa 256 ne, da ƙofofin waya biyar, sai dai ba shi da wifi ko kaɗan. Nan na yi turus, don ban ga dalilin ba da kuɗi mai yawa a kan akwati marar wifi ba. Ya ce rabon ai lissafi ne, kowane ɗigon saƙo sai akwatin ya duba na wane ne, kuma wayoyin gidanmu sun haura 30. Na ɗauki hEX. Mai ƙaho huɗun ma bai tashi a banza ba, na jona shi da waya ya zama mai watsawa kawai. Wani abin da ya burge ni, bolt 12 ya ishi hEX, ƙaramin batir yana riƙe shi in an ɗauke wuta.

Saitin ya ba ni wuya, don da Turancin Ingilishi yake, mu kuwa Faransanci muka karanta. Ta waya ƙanena ya bi da ni har muka kunna tsarin da ake kira PCQ: mutum goma in suna kai, a raba goma; in kai kaɗai ne da asuba, duka naka ne. Kowane ɗaki kuma aka ba shi sunansa da lambar sirrinsa.

Sai dai akwati ba ya yanke wa mutum hukunci. Baba mai gida ya kira ni ya ce, "Malam, yanzu ni da yaron can na ɗakin ƙofa rabonmu ɗaya?" Na ce, "Baba, kuɗin ma ɗaya ne." Bai ce uffan ba, kwana uku yana amsa gaisuwata da ka.

Ni ma ban fita ba. Da rajistar jarrabawa ta zagayo, na ɗaga ɗakina sama da na kowa a ɓoye, mako guda cur. Ranar karɓar kuɗi na faɗa musu da bakina. Aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe aka yarda da mako ɗaya a shekara, da sharaɗin in rubuta ranakun da alli a ƙofar zaure.