Ran Da Butar Gahawa Ta Ƙi Kawo Ruwa

Yau labarin wata 'yar buta zan ba ku, wadda ta tayar mana da hankali a gidanmu nan Tungar Guru.

Ƙanen maigidana ne ya kawo ta tsaraba daga Libiya, inda mutane suka koyi shan gahawa mai ƙarfi wajen mutanen Italiya. Wani mutumin can, Alfonso Bialetti, shi ya fito da irinta a 1933. Hawa uku gare ta. A gindin a kan zuba ruwa, a tsakiya akwai mazurari inda a ke sa garin gahawa, sa'an nan a murɗa kan a bisa. In an ɗora a wuta, tururi ya kan tura ruwan ya ratsa garin, ya hau sama baƙi ƙirin. Malam ya saba da ita, har ba ya fita da safe sai ya sha.

Ran nan na ɗora ta bisa risho, na jira, shiru. Sai huci ta ke yi ta gefe, abin da ya hau bai cika cokali uku ba, ga ɗaci kamar maɗaci. Na sauke na bari ta huce, gama wadda ta kwance ta da zafi tururi zai ƙone mata fuska. Da na buɗe, sai ga wani farin abu ya daskare a gindin, ya kuma toshe ƙananan ƙofofin faifan ƙarfen da ke tace garin.

Inna, uwar maigidana, ta leƙo, ta dubi farin nan, ta ja da baya. Ta ce, "Ke ɗiyata, wanga abu ba dalma ba ce kuwa?" Gabana ya faɗi.

Baƙo zai yi mamakin wannan tsoro, amma mu mun san dalili. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da nan garin namu. Maza su kan kawo dutsen zinariya gida, mata su daka a turmi, ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga cikin yara. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Inna tana cikin waɗanda suka yi zaman makoki a shekarar.

Da hankalina ya komo na tuna abin da aka koya mana a kwaleji. Na ce, "Inna, dubi gindin butarmu ta shayi, ai akwai irinsa." Ruwan rijiya ya kan ɗauko ɗan farar ƙasa narkakke daga cikin duwatsu, in an yi ta tafasa shi sai ya kwanta jikin ƙarfe. Ita kuwa dalma ba ta nuna kanta a ruwa, ba launi, ba ɗanɗano, tafasawa ma ba ta fid da ita. Awon ruwa da awon jini wajen ma'aikatan lafiya kaɗai ke nuna ta. Saboda haka tukunya mai tsabta ba shaida ba ce, kada kowa ta ruɗu.

To, sai gyara. Na jiƙa tsamiya, na tace ruwan, na zuba a gindin butar na ɗumama kaɗan, na kuma tsoma faifan a ciki. Farin ya saki, na cuɗe na ɗauraye sosai. Ƙofofin da suka ƙi, na bi su ɗaya ɗaya da allura. Lemun tsami ma yana yi. Amma ban da kanwa, tana cin irin wannan farin ƙarfe ta baƙanta shi.

Na sake ɗorawa, har wa yau ruwa ɗis ɗis. A nan na gane nawa laifin. Na daka gahawar lukui kamar garin tuwo, na kuma danna ta da babban yatsa don ta ƙara ƙarfi. Ina ruwa zai sami hanya? Garin ya kamata ya zama kamar yashi mai laushi, a cika mazurarin a share bakin, ba dannawa. Ruwa kuma kada ya wuce ɗan maɓallin nan na gefe, watau ƙofar da tururi ke tsira in hanya ta toshe. In ita ma ta toshe buta tana iya fashewa. Hucin gefe kuwa, zoben robar ne gari ya maƙale masa, na goge shi na murɗa da kyau. Ran da ya tsage sai sabo.

Karo na uku ta yi gurguri, ƙanshi ya cika tsakar gida. Malam ya ce, "Madalla." Inna ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce a bar ta da kununta. Amma ran kasuwa ta aika aka sayo sabon ɗan turmi domin gahawar, ta ce a ɗakinta zai zauna, mai so ya zo ya tambaye ta.