Wasiƙa daga Madina zuwa Sabon Gari

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Baba, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma a nan sai godiya. Ka ce kada in cika ka da saƙon murya, in rubuto maka abin da idona ya gani domin ka sa tabarau ka karanta a tsanake. To ga labarin ziyarar da aka kai mu jiya.

Jagoranmu wani matashi ne ɗan ƙasarmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina. Tun da dare ya bi ɗaki ɗaki yana cewa kowa ya yi alwalarsa daga masauki, domin da Ƙuba za a fara, kuma wanda ya tsarkaka daga gida ya je can ya yi salla yana da lada kamar na umara. Da hantsi motarmu ta tashi. Masallacin fari ne fat, ga dabinai kewaye da shi, kuma shi ne na farko da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aza harsashinsa da isowarsa hijira a 622. Raka'a biyu muka samu, ko addu'a ban gama ba na ji ana kiran "'Yan Zariya, a shiga mota!" Da wannan kira muka yini.

Uhudu ne ya fi tsaya mini a rai. Dutsen kansa dogo ne, jajaja, ya tare arewacin gari, kimanin kilomita 5 daga Masallacin Annabi. Amma tudun maharba, wanda tun ina yaro nake zana shi a kaina ƙato, ashe ɗan tsibi ne, ko gindin Kufena bai kai ba. Har tsofaffin mata sun hau shi da silifas. Da na tsaya a kansa na dubi filin, sai karatun da kake mana bayan magariba ya dawo mini tiryan-tiryan: Musulmi wajen 700, Ƙuraishawa 3,000, maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair da aka ce kada su gusa ko me suka gani. Daga sama ana ganin ta inda dawaki za su iya zagayowa, kuma nan take mutum ya gane dalilin da Halid bin Walid ya yi ta haƙuri yana jiran su sauka. Suna gangarawa neman ganima, ya ɓullo ta baya, nasara ta juye. A shekara ta 3 bayan hijira ke nan.

Ƙasa kaɗan ga maƙabartar shahidan nan 70, an kewaye ta da katanga, sai dai a leƙa. Ba gini, ba rubutu, ƙasa ce da 'yan duwatsu, alhali a ciki Sayyidina Hamza yake kwance, da Mus'ab bin Umair. Jagora ya koya mana sallamar da ake yi musu, ya kuma ja kunnen masu tsintar tsakuwa suna ƙullewa a gefen zane don neman tabarraki. Wani dattijo da muka taso tare daga Samaru ya dafa katanga yana ta hawaye. Kusa da shi wasu sun juya wa shahidan baya suna ɗaukar hoto. Ban ga laifinsu sosai ba, Baba. Wanda bai san labarin wuri ba, tudu kawai zai gani da rana mai zafi. Ayari ba ya jira a koya wa mutum tarihi. Abin da ka zo da shi a kanka, shi za ka gani. A nan na san girman guzurin da ka yi mana.

A bakin wurin akwai masu sayar da dabino, turare da carbi. Ina ta lalube da guntun Larabcina sai wata mai talla ta ce mini da Hausa garau, "Alhaji, nawa za ka saya?" Ta ce kakanninta a ƙasa suka zo hajji ta Sudan, suka zauna. Ita ko Najeriya ba ta taɓa gani ba.

Daga nan sai Masallacin Alƙibla Biyu, inda masallata suka juya daga fuskantar Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba suna tsakiyar salla, a shekara ta 2. A Madina Ƙudus tana arewa, Makka tana kudu, ka ga juyawar ta gaba ɗaya ce, gaba ta koma baya. A Handaƙ kuwa, inda Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa gwalalo a shekara ta 5, ramin ya daɗe da cikewa, kwalta ce da gidaje a gindin dutsen Sal'u. Jagora ya ce mu kalla don sanin tarihi kawai, babu wata salla ta musamman da aka ware wa wurin.

Yanzu ga naka, tsohon ma'aikacin reluwe. A hanyar komawa mun wuce ta unguwar Anbariyya, sai ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta baƙin dutse. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, shi ya sa aka shimfiɗo dogo daga Dimashƙa, sama da kilomita 1,300, ya iso Madina a 1908, shekara 3 kafin jirgi ya ratsa Zariya ya shiga Kano a 1911. Tafiyar da raƙuma ke yi a kusan kwana 40 ta koma ta 'yan kwanaki, sai dai yaƙin duniya na farko ya lalata layin. Yau an mai da tashar gidan tarihi. Na roƙi direba ya tsaya, sai 'yan mota suka yi caa, wai kasuwar dabino za ta tashi. Zan koma ni kaɗai in ɗauko maka hotunan tsofaffin kawunan jirgin. Kuma in Allah ya yarda a sabon jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, za mu tafi Makka. Wajen kilomita 450 yake cinyewa cikin ƙasa da awa 3.

Roƙona ɗaya ne. Jikokinka suna Samaru, ban da makaranta da waya ba su san komai ba. Idan na dawo zan kwaso su a mota, kai ne jagora. Mu fara da tashar Sabon Gari ka nuna musu inda ka yi aiki, mu bi ganuwa, mu shiga birni su ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina. Ba mai kiran mu mu shiga mota sai ka gama bayani.

Na sa ka a addu'a a Rauda, kai da Inna da magabatanmu. Na saya maka dabinon ajwa, Inna kuma ta faɗi irin turaren da take so tun ban bar gari ba. Don Allah a sa Yaya ya leƙa gidana ya duba iyalina. A gaida Goggo da maƙwabta da abokan zamanka na masallaci. A ci gaba da sa mana albarka.

Wassalam,
Ɗanka mai biyayya