Dorset House: gidan da aka koyar da warkar da mutane da aikin hannu

'Yar'uwa, idan Allah Ya kai ki birnin Oxford na ƙasar Ingila, ki hau motar haya zuwa unguwar Headington da ke gabashin garin. Yawancin baƙi abin da ke kai su can shi ne gunkin wani ƙaton kifi da aka soka a rufin wani gida tun 1986, kai a ciki, wutsiya a sama. Ki kalli kifin ki yi dariyarki, sannan ki dawo babban titi mai suna London Road. A gefensa za ki ga sabbin benaye na kwanan ɗalibai da sunan Dorset House a jiki. Wurin nan nake so ki ɗan tsaya.

Gidan da ya ba wurin wannan suna babu shi yanzu, an rushe shi a 2009. Babban gida ne na zamanin Sarauniya Victoria, wanda ya taɓa zama wurin kwanan 'yan matan makarantar Headington. Daga farkon shekarun 1960 ya koma makarantar koyon wani fannin jinya da ba mu cika sani ba, wato warkarwa ta hanyar aikin yau da kullum. Ba gashin ƙashi ba ne, ko da yake 'yan uwan juna ne. Mai gashin ƙashi yana dawo wa hannu da ƙarfinsa. Mai wannan fanni kuwa yana koya wa hannun yadda zai sake riƙe cokali, ya ɗaura zani, ya ɓalle maɓallin riga.

Labarin ya faro ne daga wata mata, Dakta Elizabeth Casson, wadda aka haifa a 1881 a yankin Wales. Kafin ta shiga likitanci ta yi aikin kula da gidajen talakawa a Landan, sai da ta kai wajen shekara 30 sannan ta fara karatun likita a Jami'ar Bristol. Da ta fara aiki da masu taɓin hankali, abin da ya fi damun ta shi ne zaman banza: mata a jere a ɗaki tun safe har yamma, ba mai cewa uffan. Wata safiya ta shigo ta tarar ɗakin ya sauya, ana hira ana kai-komo. Ba sabon magani aka kawo ba. Kirsimeti ne ya matso, aka ba su takardu su yi kayan ƙawata ɗaki. Nan ta gane cewa aiki mai ma'ana shi kansa magani ne.

A 1929 ta ranci fam 1,000 daga ɗan'uwanta Lewis Casson, ɗan wasan kwaikwayo, ta buɗe gidan jinyar mata a unguwar Clifton ta Bristol. Sunan gidan Dorset House. A farkon 1930 ta buɗe makaranta a cikinsa, ita ce ta farko irin ta a Birtaniya. Ana saƙa, ana ɗinki, ana aikin lambu, ana shirya wasan kwaikwayo, majinyata da ma'aikata tare.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, jiragen Jamus suka yi wa Bristol ruwan bama-bamai. Makarantar ta yi ƙaura zuwa garin Bromsgrove, inda ta horar da ma'aikata don sojojin da suka dawo da raunuka. A 1946 ta sake tashi zuwa Oxford, ta zauna a cikin rumfunan kwano na zamanin yaƙi a harabar asibitin Churchill. Dakta Casson ta rasu a 1954, ba ta ga gidan London Road ba. Amma duk inda makarantar ta je da sunanta take tafiya, shi ya sa gidan Headington ya amsa sunan gidan Bristol. A 1992 aka haɗe ta da Jami'ar Oxford Brookes, daga baya aka mayar da karatun wata harabar, gidan ya zama kango har aka sa masa katafila.

Da na tsaya a bakin titin ina kallon ɗalibai na shige da fice da kekuna, ba ginin ne ya tsaya min a rai ba. Gwaggona na tuna. Lokacin da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ƙauna ce ta sa muka hana ta komai. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, sai a ce, "Bari, Gwaggo, a kawo miki." Ni da nake ma'aikaciyar jinya ma haka na yi. Cikin 'yan watanni ta daina miƙa hannun, ta rage magana, ta koma kallon bango. Ranar da wata jikarta ta ajiye mata faifan wake a cinya ta ce ta taya ta tsinta, ranar muka sake jin faɗanta da dariyarta. Da hannu ɗaya ta tsince shi, a hankali, amma ta gama.

To Uwargida, wataƙila a gidanki akwai irin wannan: tsohuwa mai shanyewar jiki, ko yaron da ya makara wajen riƙe abu, ko 'yar'uwar da damuwa ta rufe ta bayan haihuwa. Kada tausayi ya sa ki ƙwace musu duk wani aiki. Ki bar yaron ya ci da kansa ko da zai ɓata riga. Ki naɗa wa cokali ƙyalle ya yi kauri don ya ji daɗin riƙewa. Ki ba Iya ninke kayan jarirai ko gyaran zogale, ki kuma yi haƙuri da jinkirinta. Wannan ba ya maye gurbin magani ko ganin likita. Idan kun je asibiti, ki tambaya ko suna da ma'aikacin wannan fanni, don a Nijeriya ma ana koyar da shi, akwai makarantar tarayya a Oshodi ta Legas.

Har yau akwai gidauniya mai sunan Elizabeth Casson da ke tallafa wa masu wannan sana'a, takardu da hotunan makarantar kuma suna ajiye a ɗakin karatu na Oxford Brookes. Ni dai da na koma masauki a ranar, gida na kira na tambaya ko Gwaggo na nan da faifanta. Aka ce min yanzu har tana ƙorafin waken bana ya cika tsakuwa.